Ɓerayena na Malesiya da 'Yata ta Fari

Abu na farko da Malesiya ta yi mini shi ne ta jiƙa ni. Na fito daga filin jirgi da mayafina mai kauri da akwati biyu, ɗaya rabinsa kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma wai ba damina ba ce, haka garin yake kusan kullum. Ni da na tashi a Ƙofar Rini a Sakkwato, inda in hadari ya haɗu tsofaffi ke fitowa tsakar gida suna duban gabas suna addu'a, na tsaya ina kallon mutane suna wucewa ba wanda ya ko ɗaga kai. Na ce a raina, lallai Luba kin zo inda ba a san darajar ruwa ba.

Wanda ya zo tarbata wani ɗan ƙasarmu ne da aka haɗa ni da shi ta waya tun ina gida. Ya gaishe ni da Hausa, Hajiya sama Hajiya ƙasa, ya karɓi akwatina, har na ji hawaye na neman zubo mini don daɗi. Tun kafin in taso ya turo mini hoton ɗakin da ya kama mini da kuɗin da na tura masa, da taga babba tana kallon itatuwa. Da muka isa sai na tarar falon wani bene ne aka yayyanka da katako, nawa yankin ba taga ba fanka, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa bango. Tagar da ke hoton tana nan, a ɗakin mai gidan. Washegari na kira lambarsa, ba ta sake shiga ba har na bar ƙasar. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, sun dai manta ba su ƙara da cewa wani lokaci baƙon ake ci ba.

Sai in faɗi abin da ya kai ni, don ba yawon buɗe ido na je ba. A takarda, malamar jami'a ce ni a fannin sinadaran jiki da aka ba gurbin ƙaro karatu. A zuciyata kuwa Balkisu ce ta kai ni, 'yata ta fari. Ta shekara biyar ba ta magana. Ba ta duban mutum a ido, in maƙwabta suka tayar da injin niƙa sai ta toshe kunnuwa ta yi ta ihu tana cizon bayan hannunta. Likita ya ce otizim ne, abin da a rediyo suke kira galahanga. Baffa Sidi kuwa, yayan marigayi surukina, wanda shi ne babba a gidan, ya ce iska ce, kuma ya san gidan wani mai magani a wani ƙauye bayan gulbi inda ake barin irinsu wata da watanni. Na san gidan a bakin mutane, an ce akwai hayaƙi, akwai bulala don a kori abin da ya shiga jiki, akwai mari a ƙafa ga wanda ke gudu. Inna, uwar mijina, wadda Balki ke hannunta tun yaye, ita ta tare shi. Ta ce ya dakata, ai uwar yarinyar za ta ƙasar waje karatun wannan ciwon, da magani za ta dawo. Ni ban ce mata haka ba, ita ta ƙago abinta. Baffa ya ce to, ya ba mu zuwa dawowata.

Wani zai ce, ke da kike uwarta, me kika ce ana wannan magana? Ban ce komai ba, ina ɗaki ina jin su. Gidan mijina gida ne irin na da, kunyar ɗan fari a wurinsu kamar salla take. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban manya, in ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Na iya wannan ƙwarai da gaske, har surukai na ba da misali da ni, suna cewa duk bokon Luba bai taɓa mata kunya ba. Ina jin daɗin wannan yabo, ba zan yi ƙarya ba.

Mako na biyu a kejin katakona na gaji da shinkafarsu mai zaƙi-zaƙi, na kaɗa miyar kuka a kan ɗan murhun lantarki. Ban gama ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata dattijuwa ce ta gidan da ke kallon namu, mai sayar da shinkafa da madarar kwakwa da safe, ta toshe hanci da gefen mayafi tana nuna ƙarƙashin gado, a tsammaninta wani abu ne ya mutu. Na nuna mata daddawa. Ta sansana, ta dube ni, ta fita, sai ga ta ta dawo da wani baƙin dunƙule, tasu daddawar ta jatanlande. Na sansana na kusa suma. Muka yi ta dariya har ta zauna a ƙasa. Kowa a benen Makci yake ce mata, kamar mu ce Gwaggo. Da ta ga inda nake kwana ta yi tsaki irin nasu, ta ja akwatina da kanta zuwa ɗakin 'yarta da ta yi aure. Ba ta jin Turanci sai 'yan kalmomi, ni ba na jin yarensu, da hannu da gira muka zauna kusan shekara biyu, kuma ban taɓa kwana da yunwa a gidanta ba.

A makaranta an haɗa ni da Farfesa Aini, gajeruwar mace da ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta shigo ɗakin bincike ko na'ura sai ta rage ƙara. Ranar farko ta buɗe keji ta ɗauko farin ɓera ta ɗora mini a tafin hannu. Ni da in ɓera ya gilma a gida nake hawa turmi ina kiran a zo da takalmi, na tsaya ƙiƙam ina karanta duk addu'ar da na haddace. Ta ce in ba zan iya riƙe shi da tausayi ba in koma in nemi wani fanni.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Ana ba 'yan ɓeraye wani sinadari da ke taɓa musu ƙwaƙwalwa, sai su soma wasu halaye masu kama da na yaran da ke da otizim, su guji 'yan'uwansu, su yi ta maimaita abu ɗaya. Wasu daga cikinsu kuma ana ba su garin fure, wannan ɗan garin rawaya da ƙudan zuma ke kwasowa a ƙafafunsa ya kai amya. Wasu tun kafin sinadarin ake soma ba su, wasu sai bayansa, wasu ba a ba su ko kaɗan. Daga nan sai a duba wa ya fi wani. Akwai wani akwati mai ɗaki uku, a sa baƙon ɓera a ɗaki ɗaya, a bar ɗaya ba kowa, a saki namu a tsakiya a ga ina zai nufa. Ni ce mai kallo. Ina zama bayan labule ba motsi, ba tari, ina rubuta abin da ya yi.

Da farko abin da nake rubutawa shi ne, ya je, ko bai je ba. Farfesa ta duba ta ce wannan ba kallo ba ne. Wanda bai je wurin baƙo ba, me yake yi? Na ce ba ya komai. Ta ce babu mai rai da ba ya komai, in koma in duba. Na koma. Ashe wani yana wanke fuska ne ba ƙaƙƙautawa, wani yana bin bango yana zagaye, wani yana so ya je, ya kai bakin ƙofa ya sansana, ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ta taso sai ya koma lungu ya dunƙule. Na kashe na'urar wata rana na zauna cikin zufa, sai ga shi ya shiga. Kafin wata shida na san kowane ɓera da halinsa, na san mai tsoron haske, na san wanda sai an juya masa baya yake cin abinci. Wata rana ina bayan labulen abin ya faɗo mini, na san waɗannan halittu fiye da yadda na san 'yar da na haifa, don su an halatta mini in zuba musu ido. Na yi kuka a wurin, ba sauti, kada in ɓata gwajin.

Kiran gida kuwa duk Juma'a ne, in na taso da yamma, su lokacin hantsi ne a Sakkwato. Maigidana yakan baro shagonsa na hatsi ya zo ɗakin Inna ya riƙe wayar a tsakiya kowa na ji. In gaida Inna, in tambayi ƙafarta, in tambayi zafi, in tambayi awaki, in tambayi Hauwa ƙanwar Balki har da haƙorin da ya fito mata. Sa'annan can a ƙarshe, kamar abin da na tuna a hanya, in ce ya sauran yara. Inna ta ce lahiya lau. Shi ke nan an rufe babin. In hoto muke yi Balki ta gilma ta bayansu, sai in sunkuyar da kai kamar ina gyara mayafi. In na kira maigidan shi kaɗai na tambaye shi, shi ma ɗan gidan ne, sai ya ce tana nan, ya shiga ba ni labarin farashin gero.

A shekara ta biyu, bayan ƙaramar salla, aka yi suna a gidanmu. An kawo masu kiɗan ƙwarya da lasifika, mata sun cika tsakar gida, ba wanda ya tuna da Balki. Ta yi ihu ba a ji ba, ta ciji jikar Baffa da ta riƙe mata hannu, ta fice ta ƙofar zaure a guje. A bakin titi wani mai a-daidaita ya taka birki a gabanta, ya ɗauko ta yana tambayar gida-gida. Ba a gaya mini ba sai da aka kwana uku, shi ma don Baffa ya ce a gaya mini. Saƙonsa shi ne haƙurinsa ya ƙare. Ko in aiko da maganin da aka ce ina haɗawa kafin babbar salla, ko ya kai ta inda ya ce. Ban ga laifinsa duka ba. Tsoho ne da ke sayo mata dabino duk ranar da ya je kasuwa, ya ajiye a gefenta ko ba ta dube shi ba. Tsoronsa kada wata rana a kawo masa gawarta daga titi, kuma abin da ya sani ke nan.

A daidai wannan lokacin sakamakonmu ya soma fitowa, kuma ya yi kyau. Ɓerayen da aka soma ba garin furen tun kafin sinadarin sun fi sauran shiga ɗakin baƙo, da aka duba ƙwaƙwalwarsu kuma alamun kumburi sun ragu. Waɗanda aka ba daga baya, bambancin bai taka kara ya karya ba, amma ni ban tsaya kan wannan ba. Na ɗauki takardun na nufi ofishin Farfesa ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Bayan mun gama duba su, na gyara murya na tambaye ta, in yarinya ce mai shekara shida da rabi, cokali nawa za a ba ta.

Ta cire tabarau ta tashi ta rufe ƙofa. Ta tambaye ni yarinyar wa. Na ce wata ce a gidanmu. Ta ce 'yar wa ce a gidan. Na ce jikar uwar mijina ce. Ta lissafa zumuntar a kanta, sa'annan ta ce, "Luba, taki ce?" Shekara ɗaya da rabi muna aiki tare, ta san sunan Hauwa, ta ga hotonta, ba ta san ina da wata ba. Na kasa cewa e, na dai gyaɗa kai.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ɓeran nan mu muka yi masa lahanin da hannunmu, mun san da me, mun san ranar, mun kuma riga lahanin ba shi garin. 'Yata ba wanda ya ba ta sinadari, haka Allah Ya yi ta, kuma ba ɓera ba ce. Abin da muka gano kariya ce a jikin dabba, wata ƙofa ce da masu zuwa bayanmu za su ci gaba da ƙwanƙwasawa, mai yiwuwa ta buɗe, mai yiwuwa ba ta buɗe ba. Ta ƙara da cewa akwai yaran da garin fure ke kumbura wa maƙogwaro har numfashi ya gagara, ba ta yarda in ba yarinya da sunan bincikenta ba. Na ce to in ba magani me na zo yi nan, na baro ta can. Ta ce wannan tambayar ba ita ke da amsarta ba.

A ranar na kira Inna ita kaɗai, ta wayar wata maƙwabciya, na gaya mata babu magani. Na zaci za ta yi salati. Sai ta rage murya ta ce, "Ke Luba, shi Baffa mi yas sani? Ki aiko da ko mi na cikin kwalba mai rubutun Turawa, in nuna mai. Mu samu ko shekara guda ta." Tsohuwar da ba ta wasa da salla, ita ce ke koya mini ƙarya don jikarta.

Na kusa yi. A kantin da ke ƙasan benenmu ana sayar da garin furen a kwalabe masu hoton ƙudan zuma, na sayo ɗaya na ajiye a kan tebur ina kallo kwana da kwanaki. Na san Inna, in kwalba ta shiga hannunta ba nunawa kawai za ta yi ba, sai ta ɗan zuba a kunu ko Allah zai sa a dace. In ma ba abin da ya faru, shekara za ta zagayo Balki na nan yadda take, Baffa ya ce to ga na boko ya gaza, saura nasa, kuma lokacin ba mai bakin hana shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In kuma ban aika ba, layya saura 'yan makonni. Makci ta ga na daina cin abinci, ta riƙa shigowa tana ajiye shayi ta dafa kaina ta fita.

Ranar Asabar Farfesa ta aiko in shirya, za ta zo ta ɗauke ni. Na zaci wurin masu kiwon zuma za mu. Sai ta kai ni wani gida a bayan gari, da tabarmi a shimfiɗe da yara da iyayensu. Na ga uwaye zaune a ƙasa, ba a gaban 'ya'yansu ba, a gefensu, suna kiran sunayensu a hankali, suna nuna musu hoton kofi in ruwa suke so, hoton ƙofa in fita suke so. Wani yaro ya soma ihu, ba wanda ya riƙe shi, uwar ta kashe fanka ta jira. A bayan gidan wata mace da ta haura talatin tana ba shuke-shuke ruwa tukunya bayan tukunya, tana wani ɗan gunji a maƙogwaro irin wanda na sani a wurin Balki. Farfesa ta ce ƙanwarta ce, Siti. Ta ce shekara ashirin tana bincike ba ta samo mata magani ba, abin da ya raba Siti da cizon hannu shi ne mahaifiyarsu da ta zauna kusa da ita har ta gane abin da ke tayar mata da hankali. Ta tambaye ni wa ke zama kusa da tawa. Na ce kakarta tana ƙoƙari, amma ƙafa ta hana ta, ga jikoki da yawa. Ta ce ni fa? Na yi mata bayanin al'adarmu tiryan-tiryan, yadda nake yi wa baƙi bayanin tuwo. Ta saurara har na gama, ta ce al'ada ce mai kyau ga yaron da duk gida ke iya riƙewa.

Juma'ar da ta biyo na ce wa maigidana ya kai wayar zaure wurin Baffa. Ya ce in rufa masa asiri. Na ce ya kai. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa yi wa Baffa magana da ta wuce gaisuwa a durƙushe ba. Na gan shi a kan buzunsa da carbi, an kira Inna ta zauna daga bakin ƙofa. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi karatu, ya ce ina saƙo. Na ce Baffa babu magani, ba a gano shi ba tukuna, nan ma masu irin wannan ciwon suna nan da abinsu. Ya jinjina kai, bai yi fushi ba, ya ce dama ya sani, ciwon da ba na asibiti ba Bature bai da ta cewa. Ya juya ga maigidana ya ce ya nemo mota ranar Lahadi.

Na jira maigidana ya yi magana. Ya dai gyara riƙon wayar. Na jira Inna, ta sunkuyar da kai, dabararta ta ƙare. Ran wanka ba a ɓoyon cibi. Na ji muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Baffa, ka yi mani haƙuri. Balkisu ɗiyata ta. Ni na haihe ta, kuma ban yarda a kai ta ba."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Wani da ke zauren ya tashi ya fita. Baffa ya kalli wayar kamar bai san mai maganar ba, sa'annan ya ce, a hankali, "Yau kuma sunanta anka kira gabana? To madalla da karatu. Tunda ɗiyarki ta, ki zo ki riƙe abinki. In mota tab buge ta, ke ag gaban Allah, ba ni ba." Ya miƙa hannu ya kife wayar.

Ya faɗa ne don ya kunyata ni, ni kuwa na riƙe shi a kan maganarsa. Litinin na gaya wa Farfesa zan tafi, ko da takardar shaida ko babu. Saura mini gwaji guda da rubutun ƙarshe. Ta yi faɗa a ofisoshi har aka yarda wata ɗaliba ta ƙarasa gwajin, ni in yi rubutun daga gida in turo, zai ɗauke ni lokaci fiye da 'yan ajinmu, kuma sunana ba zai zo farko a takardar da za a buga ba. Ya yi mini ciwo, don na sha wuya a kan ɓerayen nan. Kwalbar garin furen na ba Makci ta riƙa zubawa a shayinta. Ta raka ni har bakin mota da ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba, tana magana da yarensu tana kuka, ina amsawa da Hausa ina kuka, kowa ya gane ɗan'uwansa.

Na iso Sakkwato ana saura kwana kaɗan layya, gari duk kukan raguna. Baffa na zaure da na shigo, na durƙusa na gaishe shi, ya ci gaba da jan carbinsa. Har yau da nake wannan rubutu bai amsa gaisuwata ba, amma motar ba ta zo ba, kuma dabinon bai fasa ba. Cikin gida mata sun cika ɗakin Inna, 'yan sannu da zuwa da 'yan ganin ƙwaƙwaf, don labarin abin da na yi a waya ya riga ni zagaya unguwa. Na gaisa da kowa, na ɗauki Hauwa. Can na hango Balki a gindin rijiyar da aka rufe, ta yi tsawo, ta ba mu baya, tana zuba yashi daga hannu zuwa hannu.

Na ajiye Hauwa na fita tsakar gida, ina jin idanu a bayana. Na zauna a ƙasa da kayan tafiyata, ba a gabanta ba, a gefe, na bar tazara tsakaninmu. Ba ta dube ni ba. Ban san ko ta gane ni ba, kuma me zai sa ta gane ni, ni da ko ina gidan ban taɓa zama kusa da ita haka ba. Bayan hannunta duk tabon haƙori. Sunan da na iya faɗa ta waya daga wata duniya ya gagare ni a tsakar gidan nan. Daga ɗakin Inna na ji wata ta ce a'uzubillahi ƙasa-ƙasa.

Sai na ji takun sanda. Inna ce ta fito tana jan ƙafa, ta zo ta tsaya a kaina. Na zaci cewa za ta yi in tashi in shiga ɗaki kada in ƙara tara mata jama'a. Ta dafa kafaɗata ta zauna da ƙyar a bakin rijiyar, ta kalli ƙofar zaure inda maigidana ke tsaye da akwatina, ɗanta na fari, mai furfura a gemu.

"Wancan da kika gani," in ji ta, ba ta ɗaga murya ba, "shekara arba'in da wani abu ban taɓa kiran sunanai ba. Ya yi ƙyanda yana ƙarami, ina jin kukanai ɗakin kakatai, ban shiga ba. Kira taki in ji. Da ƙarhi."

Na ce, "Balkisu."

Ba ta waiwayo ba. Yashin ya ci gaba da zuba daga hannu zuwa hannu. Na matsa kaɗan, na sake kira.